Kamun da Gwaggo Ta Koya

Daga Allah muke, kuma gare shi kowa zai koma. Gwaggo ta riga mu tafiya wata Laraba da hantsi, tana zaune a kan dardumarta, kaskon turarenta ma bai gama hucewa ba.

Gidanmu na Shahuci bai taɓa ɗaukar jama'a irin ta kwanakin makokinta ba. Matan da ta yi wa turaren aure sun zo, wasu tare da 'ya'yansu da su ma ita ta yi wa. Danginmu na Barno sun zo cikin lafaya, suna gaishe mu da harshen da mu haihuwar Kano sai dai mu amsa da murmushi. Duk wadda ta shigo sai ta tsaya a tsakar gida ta ja numfashi, sannan hawaye su zo, domin bangon gidan kansa ya sha turare har ya ƙoshi. Wata tsohuwa ta dafa ƙofar ɗakinta ta ce, "Ai tana nan, ba ku ji ba?" Ba wanda ya yi mata musu.

A ƙofar gida kuma, Baba ya ba ni labari, wasu magidanta suka zo a tare, masu tumbi da furfura jefi-jefi. Suka yi addu'a, suka shafa, sai ɗayansu ya ce, "Allah ya jiƙan Mai Mayafi. Wallahi unguwar nan ba a yi hannu irin nata ba." Dattawa suka dubi juna, don ba su san ta da wannan suna ba. Baba ya ce shi dai sunkuyar da kai ya yi, don kada a ga yana dariya a wurin makokin yayarsa.

Jikokinta turare kawai suka sani. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, kafin mu da muka gani mu ma mu bi ta.

Gwaggo yayar Baba ce. Bayan rasuwar mijinta ta dawo gidan mahaifinsu, ta ɗauke ni riƙo tun ina rarrafe. Sunan mahaifiyarsu aka sa min, don haka "Uwata" take ce min, kuma ta shagwaɓa ni shagwaɓar da har yau mijina yake biyan bashinta. A cinyarta na girma, ina shaƙar sandal da hawi. Tana da wata kalma da take yanke kowace magana da ita. In ka matsa mata a buɗe kwalbar itacen da ta zuba wa turare, sai ta ce, "Bai jiƙa ba tukuna." Haka take faɗa a kan miya, a kan amaryar da ta yi yaji, har a kan sabuwar gwamnati.

Yaya kuwa shi ne ɗanta na fari, kuma duk wanda ya tashi a cikin birni ya san abin da wannan yake nufi a wurin matan zamaninsu. Ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ba ta zama inda yake zaune, ba ta haɗa ido da shi, in an yabe shi a gabanta sai ta tashi duba tukunya. Ana yaye shi kakarsa ta wajen uba ta ɗauke shi zuwa Ƙofar Ɗan Agundi, kuma bai dawo hannunta ba sai da ya fi ta tsawo. Shi ma Gwaggo yake ce mata kamar kowa. Duk saƙonta ta bakina yake bi, ko da yana tsaye a gabanta.

"Uwata, ki ce wa mutumin nan tuwonsa na rufe."

"Yaya, an ce tuwonka na rufe."

"Ki ce na gode."

Ina yarinya abin dariya yake ba ni. Da na girma sai ya koma ba ni haushi, domin na sha ganin ta tana zaɓar tsoka mafi kyau tana binnewa a ƙasan miyarsa, inda ba wanda zai gani.

Shekarar da soja suka miƙa mulki suka koma bariki, gari yana ta sababbin huluna da fastoci, mu ma namu sojan, Yaya, ya dawo. An kai su aikin kwantar da yaƙi a wata ƙasa ta bakin teku, ya daɗe a can. Ya dawo da hannuwansa da ƙafafunsa, muka yi ta godiya ga Allah. Sai daga baya muka lura ba dukansa ne ya dawo ba. Ba ya barci sai gari ya waye. Ba ya cin abinci sai ɗan taɓawa. In an gaishe shi ya ce "lafiya", shi ke nan maganar yini. In murfin tukunya ya faɗi, sai ka gan shi manne da bango yana zufa. Matarsa ta tafi ganin gida a Gwale, ganin gidan ya yi ta tsawo, kuma ba wanda ya ga laifinta.

Abu ɗaya ya zo da shi a jakarsa wanda ya damu da shi: wata 'yar na'urar gem ruwan toka da ake jona wa talabijin, da hannuwa biyu masu igiya, da faifan wasan faɗa. Ya kulle kansa da ita a ɗakin soro. Kullum mutum ɗaya yake ɗauka, wani ƙato mai takalmin soja, ya yi ta dukan duk wanda aka kawo masa, fuskarsa ba murna ba fushi.

Sai ran nan Gwaggo ta sanar cewa wayar wutar soro tana tartsatsi, za ta ƙone mana gida. Ni dai ban ga tartsatsi ba. Aka ɗauko talabijin da na'ura aka dawo da su rumfarta, inda take haɗa turare. Dole Yaya ya riƙa shigowa bayan azahar, ya zauna ya ba ta baya, ita kuma tana gefe tana tsince itace kamar ba ta san da mutum ba.

A nan ta ga tsohuwar. A cikin 'yan wasan akwai wata doguwar tsohuwa mai faffaɗan mayafi, ba takobi ba sanda. Samarin unguwa ba sa ɗaukar ta, sun ce ba ta da sauri, dukanta ba ya ciwo, kuma koyon ta sai mai dogon rai. Ran nan na'ura ta kawo wa Yaya ita. Ƙaton ya kai naushi, sai kawai tsohuwar ta kauce, ta buɗe mayafi, ta naɗe shi a ƙirjinta, ta riƙe shi ɗan lokaci, sannan ta kwantar da shi ƙasa. Na ji ƙarar tsince itace ta tsaya.

"Uwata, me ta yi masa?"

"Kamu ne, Gwaggo. Kayar da shi ta yi."

Ta daɗe tana kallon talabijin. Sannan ta koma kan itacenta.

Washegari da hantsi, Yaya na barci, ta kira ni ta ce in kunna. Lokacin na gama kwalejin malamai ina jiran aiki, ba abin da nake da shi sai lokaci da ɗan Turancin karanta abin da na'ura ke rubutawa. Ta goge hannunta da gefen zane, ta ɗauki hannun gem kamar an ba ta jaririn wani. Madannai huɗu ne a dama, kowanne da zanensa, kuma kafin azahar ta raɗa musu suna: zobe, murhu, tabarma da almakashi.

Samarin ba su yi ƙarya ba. Tsohuwar nan tana da tsayuwa iri-iri, kuma abin da madanni zai yi a wannan tsayuwa daban yake da abin da zai yi a waccan. Gwaggo ta sa musu suna su ma: tsayuwar daka, tsugunon wanke-wanke, da tsayuwar jiran baƙo. Kamun ba ya yiwuwa sai daga ta jiran baƙo, kuma ba ya yiwuwa sai an kawo maka duka. Sai naushi ya taso ya kusa sauka, a daidai wannan ƙiftawar za ka ja baya ka danna murhu da almakashi tare. In ka yi gaggawa ta rungumi iska, in ka yi jinkiri ta sha kashi. Ni nake ɗaukar ƙaton ina dukanta.

"Uwata, doke ni da gaske. Wannan ko sauro ba zai kashe ba."

Sai in doke ta, tsohuwar ta zube, Gwaggo ta ce, "Sannu, baiwar Allah, laifina ne. Tashi."

In na tuna waɗannan safiyoyi yanzu, kamar mafarki suke zo min. Hayaƙin kasko yana tashi a hankali ta gaban talabijin, hasken rana yana ratsowa ta asabari, tsohuwa biyu suna kallon juna, ɗaya a kan tabarma ɗaya a cikin gilashi. Yatsun Gwaggo da lalle ya rina suna lalube a kan robar nan, har robar ta koma ƙanshin humra. In an ɗauke wuta ba ta ajiyewa. Sai ta lumshe ido ta ci gaba da dannawa, tana ja da baya da dukan jikinta, ita kaɗai take ganin wanda ke kawo dukan.

Wata safiya ta ce min, "Jiya na ga mutuniyar a mafarki. Muna tafe a bakin wani ruwa mai faɗi, irin wanda mahaifiyarmu take ba mu labari na can gida Barno. Ta ce min, ke hannunsa kike kallo, ai hannu ya makara, kafaɗa ake kallo." Na yi dariya har na riƙe ciki. Ranar ta kama ni karo na farko, dariyar ta tsaya.

A cikin haka Baba ya shigo ya same mu. Shi malami ne, mutane na ɗaukar karatu a zaurensa. Ya tsaya a bakin rumfa, carbi a hannu, ya ga yayarsa ta cije leɓe tana fama.

"Hajiya, me nake gani haka? Da girmanki? Ana karatu a zaure ana jiyo ihun waɗannan abubuwa daga cikin gida, har an fara tambaya ta ko lafiya."

Ba ta ɗauke ido daga talabijin ba. "Ni na goya ka, Malam, ka sha jiƙa min zane. Yau kai ne za ka koya min girma?"

"To shi ke nan. Amma ki sani na gama magana da wani malami a ƙauye, yana karɓar masu irin wannan lalura. Da an gama Babbar Sallah zan kai yaron nan."

A nan ta ajiye hannun gem. Duk mun san irin wurin, mun san ana sa wa mutum mari a ƙafa. Ba mugunta ce ta sa Baba ba. Ya yi rubutu, ya yi addu'a, ya karɓo ƙwayoyin asibiti, kuma kullum yana ganin ɗan yayarsa yana ƙarewa kamar sabulu a ruwa.

Gwaggo ta ce, "Ɗan mutane ne, ni ba ruwana da shi. Amma bai jiƙa ba tukuna. A bar shi."

"Har yaushe?"

Ta sake ɗaukar hannun gem. Sun yi kwanaki ba sa magana. Kununsa dai bai fasa zuwa zaure ba, sai dai ba sukari.

Ana saura 'yan makonni sallah ta yi abin da ban taɓa zato ba. Yaya ya shigo bayan azahar ya zauna, sai ta jawo tabarmarta ta zauna daura da shi, ta ɗauki ɗaya hannun. Tunda nake ban taɓa ganin su zaune kusa haka ba. Duk su biyun talabijin suke kallo, don haka ba wanda ya karya wata al'ada. Yaya ya dube ni, na ɗaga kafaɗa.

Sai kuma ga matsalar da ba mu hango ba. Yaya ya ƙi duka. Ya ɗora hannun gem a gwiwa, ƙatonsa ya tsaya ƙiƙam. Yaya za a yi ya ɗaga wa mahaifiyarsa hannu, ko da a cikin gilashi ne? Ita kuma kamunta ba ya yiwuwa sai an kawo duka. Ta yi ta kaɗa masa gefen mayafi har ƙaton ya faɗi, na'ura ta ce ta ci. Ban taɓa ganin wanda cin wasa ya ɓata wa rai irin haka ba. Haka aka yi washegari, haka aka yi jibi. Ta aike ni in ce wa mutumin nan in ba zai yi ba ya ba da wuri. Na faɗa, ya ce in ce ta yi haƙuri.

Ranar da ta gaji, sai ta bar ni, ta karkata wajen talabijin ta yi wa ƙaton magana kai tsaye.

"Kai mai takalmi, dube ta da kyau. Wannan tsohuwar ba ta haifi kowa ba, ba ta da dangi a Kano. Kawo hannu, kada ka raina mata wayo."

Wani sauti ya fito daga hancin Yaya, wanda in an yi masa adalci za a kira shi dariya. Ya ɗauki hannun gem. Ƙaton ya kai naushi, tsohuwa ta rungumi iska, ta zube.

"Madalla," in ji Gwaggo. "Ƙara."

Da ya fara kuwa bai iya sassautawa ba, hannunsa ya riga ya saba. Ya fi ni sauri nesa ba kusa ba, duk abin da ta koya a kaina ya zama kamar ba ta koya ba. Kullum ta sha kashi, kullum ta tashi tana gyara ɗaurin ɗankwali. Amma yanzu ta sami wanda za ta yi wa magana. "Kai mai takalmi, da ganin wannan naushin ba ka ci tuwo ba." Ko kuma, "Mai takalmi, an ce matarka tana gaishe ka." Yaya ba ya amsawa, amma na fara ganin kwanonsa yana dawowa da sauƙin nauyi.

Aka yi sallah, aka ci nama, Baba ya fara maganar mota. Ran nan bayan la'asar hadari ya haɗu, rumfa ta yi duhu-duhu, iska tana juya hayaƙin kasko. Suna zaune, ni ina bayansu ina ɓare gyaɗa. Tsohuwa ta shiga tsayuwar jiran baƙo. Kafaɗar ƙaton ta motsa. Na ga Gwaggo ta ja baya da dukan jikinta, mayafin ya buɗe ya cika talabijin, ya naɗe shi.

Ga yadda kamun yake: in ta naɗe mutum, sai ta danna zobe ta kwantar da shi. In ba ta danna ba, shi wanda aka kama yana iya bubbuga madannai ya ƙwace. Gwaggo ta san haka, Yaya ya fi ta sani. Ba ta danna zobe ba. Shi ma bai ƙwace ba. Tsohuwar ta tsaya riƙe da ƙaton a ƙirjinta, mayafin yana kaɗawa a hankali, agogon da ke saman talabijin yana ta raguwa. Ruwa ya fara sauka a kan kwano. Ban san lokacin da na daina ɓare gyaɗa ba.

Gwaggo ta ce wa gilashin, murya ƙasa-ƙasa, "Ka rame."

Yaya yana kallon gabansa, hawaye na bin gemunsa, ya ce, "Gwaggo, ba na iya barci. In na rufe ido sai in gan su."

Agogon ya ƙare. Ta ajiye hannun gem, ta jawo kasko ta ƙara garwashi.

"Uwata, ki ce masa ya kwanta a nan. Ina zaune."

Ban faɗa ba, ya riga ya ji. Ya kwanta a tabarmar kamar yaro, ya yi barci har aka kira magariba. Tana zaune tana kaɗa masa hayaƙi da mafici, ko yatsa ba ta ɗora masa ba. Da na waiga na ga Baba a bakin rumfa, ruwa ya jiƙa masa kafaɗa, ban san tun yaushe yake tsaye ba. Ya juya ya koma zaure. Ba a sake maganar mota ba, kuma washegari kununsa ya tafi da sukari.

Ba zan ce Yaya ya warke a ranar ba. Ya ɗauki lokaci, wasu abubuwan ma har yau yana tare da su. Amma ya koma asibiti da ƙafarsa, matarsa ta dawo, ya buɗe shagon gyaran janareta, ya aurar da 'ya'ya. Gwaggo kuwa ba ta daɗe ba ta bar wasan, ta ce ta gama abin da ya kai ta. Sau ɗaya kawai ta yarda da roƙon samarin unguwa, wata ranar sallah, suka yi layi a rumfa ta kama su ɗaya bayan ɗaya. Su kam ba ta riƙe kowa ba, tana kamawa take yarwa. Su ne magidantan nan masu tumbi.

Har ta koma ga Allah ba ta kira sunansa ba. "Mutumin nan" ne, ko da furfura ta cika masa kai. Na yi kewarta, kewar da ban san inda zan ajiye ta ba, kuma har da aiken nan da yake ba ni haushi na yi kewa.

Ranar da aka kai ta, bayan maza sun dawo daga maƙabarta, na sami Yaya shi kaɗai a rumfa. Ƙasa ta ɓata masa hannun riga har gwiwar hannu. Na ce, "Yaya, ya haƙuri?" Bai dube ni ba, yana kallon inda talabijin take a da.

"Ni na shiga kabarin na karɓe ta," ya ce. "Ba ta da nauyi ko kaɗan. Aka miƙo min ita, sai na kasa ajiyewa. Mutane suna jira, ban san na daɗe ba. Wani ya fara magana, na ji Baba ya ce a ƙyale ni."

Ya share fuska da hannun rigar, ƙasar ta shafi gemunsa.

"Sai da ya ga ya isa, sannan ya dafa kafaɗata ya ce, to, kwantar da ita."

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya haskaka makwancinta, ya sa ƙanshin Aljanna ya tarbe ta tun daga ƙofa. Mu kuma da muka saura, Allah ya sa mu cika da kyau.